Idan aka rage ma'aikata a Amurka, wa ke tsayawa a kan wuraren da guba ta ɓata?

"Assalamu alaikum. Ƙanena yana aiki da hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, a sashen da ke kula da share wuraren da masana'antu suka zuba guba. Shekararsa biyu da 'yan watanni a aikin, kuma ya ce min wurare uku ne a hannunsa. Tun da aka fara maganar rage ma'aikata hankalinsa bai kwanta ba, yana cewa shi za a fara sallama don shi ne ƙarami a ofis, ko da kuwa ya fi wasu aiki. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, yaya ƙasa kamar Amurka za ta kori mai ƙwazo ta bar wani don kawai ya daɗe? In kuma an kore shi, wa zai ci gaba da kula da wuraren? Ko barin gubar za a yi?" (Wani mai karatu daga Zariya)

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kwantar wa ƙanin naka da hankali, ya zaɓa masa mafi alheri. Tambayoyi biyu ka haɗa. Ta farko a kan mutum ce: in aka zo rage ma'aikata, da wane ma'auni ake zaɓen wanda zai tafi? Ta biyu a kan aikin: gubar da ke cikin ƙasa, wadda ba ta san ana rigimar kasafin kuɗi ba, me ke faruwa da ita in mai kula da ita ya tafi? Na yi shekaru ina sa ido kan tsabtace ruwan ƙarƙashin ƙasa a ma'aikatar muhalli ta wata jiha a can Amurka, kuma an taɓa rage ma'aikata ina ciki, bayan tattalin arziki ya durƙushe a 2008. Dokar jiha da ta tarayya sun sha bamban a wurare da dama, amma tushensu ɗaya ne. Tunda ƙaninka ma'aikacin tarayya ne, da dokar tarayya zan yi maka bayani, in ya so sai in ɗora abin da na gani da idona.

Tsoron da yake ji ba na banza ba ne. Sai dai daɗewa a aiki ba ita kaɗai ke yanke hukunci ba, ba ma ita ake fara dubawa ba.

Yadda ake jera sunaye

Tsarin da aka daɗe ana bi ya samo asali ne daga dokar fifita tsofaffin sojoji ta 1944, lokacin da ake sa ran dawowar miliyoyin mayaƙa daga Yaƙin Duniya na Biyu. Abu huɗu ake dubawa: irin ɗaukar da aka yi wa mutum, ko ya taɓa aikin soja, yawan shekarunsa a aiki, sai makin ƙwazonsa. A jere suke, na farko ya rinjayi na biyu, haka har ƙasa.

Irin ɗauka ta raba ma'aikata gida uku. Gida na ɗaya, waɗanda suka cika shekara uku aka tabbatar da su. Gida na biyu, waɗanda aka ɗauka aikin dindindin amma ba su cika ukun ba, har da masu zaman gwaji. Gida na uku, masu aikin wa'adi. Sallama daga ƙasa take farawa, ba a taɓa ɗan gida na ɗaya sai an gama da na biyu da na uku masu irin aikinsa. Ƙaninka, da shekara biyu da 'yan watanni, yana gida na biyu, kuma wannan ya fi ƙuruciyarsa a ofis yi masa illa. A cikin kowane gida kuma an sake kasa mutane uku: tsohon sojan da ya samu naƙasa ta kashi 30 cikin 100 ko fiye yana sama, sai sauran tsofaffin sojoji, sai farar hula a ƙasa. Saboda haka tsohon soja mai shekara 4 a aiki yana gaban farar hula mai shekara 30, muddin gidansu ɗaya.

Sai an gama wannan rabon ne ake zuwa kan shekaru, kuma a nan ne ƙwazo ke shigowa ta wata hanya mai ban sha'awa: mayar da shi ake yi shekaru, a ƙara wa mutum. Ana ɗaukar makinsa na shekaru uku na baya-bayan nan. Mafi ƙololuwar maki yana daidai da ƙarin shekara 20, mai bi masa 16, wanda ya yi aikinsa daidai ba yabo ba fallasa 12. Ka ɗauki mutum biyu. Ɗaya shekararsa 5, kullum makinsa na sama ne, lissafinsa ya zama 25. Ɗayan shekararsa 15, makinsa na ba yabo ba fallasa ne, lissafinsa 27. Na biyun ne zai zauna. Iyakar tazarar da ƙwazo zai iya cikewa tsakanin irin waɗannan mutum biyu shekara 8 ce. Da ta wuce haka, daɗewa ta ci.

Ka ce yaya Amurka za ta yarda da haka. Ai ta ɗanɗana ɗayan tsarin ne. A ƙarni na 19, duk sabon shugaban da ya hau sai ya share ma'aikatan da ya tarar ya zuba 'yan jam'iyyarsa. Har sai da wani da ya nemi muƙami bai samu ba ya harbe Shugaba Garfield a 1881, sannan majalisa ta yi dokar 1883 da ta fara ɗora aikin gwamnati a kan cancanta. Ranar da aka ɗauki mutum aiki abu ne da maigidansa ba ya iya murɗawa. Maki kuwa alƙalamin maigida ne ke rubuta shi. A aikinmu na muhalli wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ma'aikacin kirki a nan yakan tara maƙiya. Shi ne ke ƙin sa hannu a rahoton kamfanin da ke da uwa a gindin murhu, shi ne ke cewa a sake gwaji alhali kowa na so a rufe fayil. Ranar da aka ce maigida ya zaɓi wanda zai tafi bisa ganin damarsa, irin wannan mai taurin kan ne zai fara ganin takarda. Shi ya sa, duk abin da zan faɗa a ƙasa, ba na cikin masu cewa a jefar da tsarin daɗewa gaba ɗaya.

Akwai mataki na biyu, wanda shi ne ya fi hargitsa ofis. Wanda aka soke kujerarsa ba lallai ya tafi gida ba. In akwai wani da ke ƙasa da shi a rabon gidajen nan, mai riƙe da aikin da shi ma ya cancanci yi, yana da haƙƙin ture shi ya hau kujerar, muddin ba ta yi ƙasa da matakinsa da fiye da mataki uku ba. Yana kuma iya komawa irin kujerar da ya taɓa riƙewa a baya in mai ita ɗan rukuninsu ne da bai kai shi shekaru ba. Wanda aka ture shi ma sai ya duba ƙasa da shi. Ta haka soke kujera ɗaya kan motsa mutum uku ko huɗu, kuma wanda zai fita ƙofa a ƙarshe sau da yawa ba shi da wata alaƙa da sashen da aka ce za a rage. Ana iya cewa ba za a taɓa sashen share guba ba, a rage sashen bayar da lasisi, amma a wayi gari ƙaninka ne a waje, wani daga sashen lasisi yana kan teburinsa.

Me ya sa aikin share guba ya fi jin jiki

Shirin da ƙaninka ke ciki, Superfund, an kafa shi ne a 1980, bayan abin da ya faru a unguwar Love Canal ta jihar New York, inda aka gina gidaje da makaranta a kan tsohon ramin sharar sinadarai. Yau akwai wurare sama da 1,300 a jerin waɗanda suka fi haɗari, an rarraba su ga ofisoshin shiyya goma na EPA. Wuri ɗaya kan ɗauki shekara ashirin ko talatin, musamman in gubar ta kai ga ruwan ƙasa. Inda kuma aka bar sauran guba a binne, doka ta ce duk shekara biyar a dawo a duba ko maganin da aka yi yana nan yana aiki.

Ba ma'aikacin gwamnati ke tuƙa katafila ko haƙa rijiya ba, 'yan kwangila ne, ko kamfanin da ya yi ɓarnar in an same shi. Aikin irin su ƙaninka shi ne amincewa da tsarin aiki, karanta sakamakon gwaji, sa hannu kafin a biya kuɗi, zama da lauyoyin kamfani, da tsayawa gaban mutanen unguwa ya gaya musu ko ruwan rijiyarsu ya shawu. Don haka amsar tambayarka ta ƙarshe ita ce a'a, ba barin gubar ake yi ba. Injinan da ke zuƙo ruwa suna tacewa ba sa tsayawa don an sallami wani. Abin da ke tsayawa shi ne yanke shawara. Wuraren nan uku za a raba wa waɗanda suka rage, kowa da nasa kayan a ka. Na gaggawa za a duba, binciken sabon wuri a ɗaga, rahoton injiniyan kamfani mai shafi ɗari huɗu kuwa a karanta taƙaitawarsa kawai a wuce. Kuɗi ma ba ya maganin wannan. A 2021 majalisa ta ware wa Superfund dala biliyan 3.5 a dokar gine-ginen more rayuwa, amma kwangila ba ta tashi sai da ma'aikacin da zai tsaya a kanta.

Doka ta ce mai turewa sai ya cancanci aikin, ya kuma iya ɗaukarsa ba tare da an samu tsaiko mai yawa ba, ma'aunin da ake yawan amfani da shi kwana 90 ne. A takarda, masanin muhalli masanin muhalli ne. A fili kuwa, kafin mutum ya taka wurin da ke da guba sai ya yi horon sa'o'i 40 da dokar lafiyar ma'aikata ta wajabta, da kwana uku a fili ƙarƙashin wanda ya ƙware, sannan kowace shekara ya sabunta da sa'o'i 8. Wannan ma mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne sanin wurin, kamar yadda manomin da ya daɗe a gona ya san kwarin da ruwa ke kwanciya, abin da ba ya cikin takardar sayen gonar.

Bari in ba ka misali ɗaya daga ragewar da na shaida. Akwai wani tsohon shagon wankin kaya da sinadari da ya shekara yana zubar da ruwan wankin a bayan gini. Sinadarin ya fi ruwa nauyi, nutsewa yake yi, sannan ya riƙa narkewa a hankali yana bin ruwan ƙasa zuwa ƙarƙashin gidajen mutane. Wani matashi ne ke riƙe da fayil ɗin, kuma shi aka ture. Wadda ta hau kujerarsa mace ce mai hankali da ta kusa shekara ashirin a sashen gurɓatar iska. Ba ta nemi aikin ba, amma tana da 'ya'ya a jami'a, ba wanda zai ce ta ƙi. Kafin ta gama horo an ɗebi samfurin ruwa zagaye biyu ba kowa daga ofishinmu a wurin. Sai ga wasiƙa daga injiniyan masu ginin: rijiyar gwaji ta bakwai ta nuna guba ta ragu sau biyu a jere, suna neman izinin toshe ta. A takarda buƙatar ba ta da aibu. Abin da ba ya cikin fayil shi ne, rijiyar nan kowace shekara haka take yi in dusar ƙanƙara ta narke ruwan ƙasa ya taso, da rani ya yi nisa kuma sai adadin ya dawo. Ita ce kuma rijiya mafi kusa da gidaje, a bayan gidan wata tsohuwa da ba ta buɗe ƙofa sai an kira ta tun jiya. Sabuwar mai kujerar ba ta sa hannu ba. Ta nemi lambar matashin ta kira shi a gida, ya yi mata bayani cikin 'yan mintoci, ta ƙi amincewa. Ba wata doka da ta ce ta kira shi, ba kuma wadda ta ce ya ɗauka.

Ta fuskar kuɗi ma lissafin ba ya fita yadda ake zato. A tsarin tarayya, wanda aka mayar ƙasa yakan riƙe matakinsa na da har shekara biyu, bayan haka ma akwai kariyar albashi. Ke nan aikin ƙaramin ma'aikaci ake biya da albashin babba. Kuma tunda ƙananan ne ke fita, su ne kuma masu ƙaramin albashi, sai an sallami mutane da yawa kafin a tara kuɗin da ake son ragewa.

Wani abin da mutane ba su cika lura da shi ba, manyan ma suna tafiya, ta wata ƙofar. Kafin a kai ga sallamar dole, hukumomi kan yi tayin ritaya da wuri ga mai shekara 50 da ya yi shekara 20 a aiki, ko duk wanda ya yi 25, wani lokaci da kuɗin sallama har dala 25,000. Wa ke karɓa? Wanda fanshonsa ya nuna, da wanda ya san kamfanoni na jiransa da albashi mai tsoka, wato waɗanda suka fi kowa sanin aikin. A 2025 an ga duka biyun. A ƙarshen Janairu aka aika wa ma'aikatan tarayya tayin su ajiye aiki a ci gaba da biyansu har 30 ga Satumba. A Fabrairu EPA ta sallami masu zaman gwaji 388, abin da ya kai ga shari'a a kotuna. Zuwa Yuli hukumar da kanta ta ce ma'aikatanta za su sauko daga 16,155 zuwa 12,448. In tayi ya kwashe na sama, doka ta kwashe na ƙasa, masu koyarwa da masu koyo ne suka tafi tare, kuma ba a jin zafin wannan sai bayan wasu shekaru, ranar da aka nemi wanda zai gaji kujera aka rasa.

Ba a ko'ina ne daɗewa ke cutar da aiki ba. Dubi Hanford a jihar Washington, inda aka fara aiki a 1943 aka sarrafa sinadarin bam ɗin da aka jefa a Nagasaki. Akwai tankuna 177 a binne, ɗauke da sharar nukiliya kimanin galan miliyan 56, ba nisa da Kogin Kolumbiya. Ma'aikatan gwamnati a wurin 'yan ɗaruruwa ne, na 'yan kwangila dubbai, kuma yarjejeniyar ƙungiyar ƙwadago tana lissafa daɗewar mai sana'a a faɗin wurin gaba ɗaya, ba a kamfani ɗaya ba. A 2009 aka zuba wa Hanford kusan dala biliyan 2 daga kuɗin farfaɗo da tattalin arziki, aka ɗebi sababbin ma'aikata aka horar da su. Da kuɗin ya ƙare a 2011 aka yi sallama mai yawa, turewa ta riƙa tsallakawa daga wannan kamfani zuwa wancan, kowa ya sauka a sabon gini sai ya sake koyon ƙa'idojinsa. A Maris 2013 kuma, da aka zaftare kasafin tarayya, kusan mutum 250 suka samu takardar sallama, kimanin 2,500 aka ba su hutun dole ba albashi, makonni kaɗan bayan gwamnan jihar ya sanar cewa wasu tankunan na yoyo. Hargitsi ne, ba shakka. Amma in ka tambaye ni wa nake so ya rage a bakin tankin nan, wanda ya shekara ashirin yana jin warin iskar da ke fita daga cikinsa, ko wanda aka horar bara, ba sai na yi dogon tunani ba. A aikin hannu mai haɗari, shekaru da ƙwarewa kusan tare suke tafiya. A aikin riƙe fayil ɗin wuri kuwa, shekarun mutum a kan wannan wurin ne ke da amfani, su kuma doka ba ta ƙirga su.

Inda ake yanke hukuncin gaske

Duk jerin sunayen nan a cikin wata da'ira ake yin sa, kuma shugabannin hukuma ne ke zana ta: wane sashe, a wane gari. Turewa ba ta tsallake da'irar. In aka zana ta da faɗi, ta haɗe ofishin shiyya gaba ɗaya, turewa za ta yi yawa, ƙananan ko'ina su shiga haɗari. In aka matse ta a kan sashe ɗaya aka soke sashen ɗungurungum, ba wanda ke ture wani, mai shekara 30 da mai shekara 2 rana ɗaya za su fita. Haka aka yi a ma'aikatar lafiya ranar 1 ga Afrilu 2025, inda aka sallami dukkan sashen hana gubar dalma ga yara na hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC. A daidai lokacin birnin Milwaukee na fama da fentin dalma da ke ɓarewa a tsofaffin makarantunsa, ya nemi taimako aka ce masa ba masanan da za a turo. Sai a watan Yuni aka dawo da su. Ka ga a nan daɗewa ba ta ceci kowa ba, ba kuma ita ta jawo ɓarnar ba.

Dokar ta bar wa shugabanni wasu ƙofofi in suna son kare aikin. Suna iya ware ayyukan da ke buƙatar ƙwarewa ta daban a layinsu, ta yadda masanin ruwan ƙasa ba zai shiga layi ɗaya da mai duba hayaƙin masana'anta ba, amma sai in bayanin aikin da ke rubuce ya nuna bambancin tun kafin a fara. Suna iya riƙe ƙaramin ma'aikaci in aikinsa ba zai ɗauku cikin kwana 90 ba tare da tsaiko mai yawa ba. Abin da na lura shi ne ba a cika amfani da waɗannan ba, don kowanne yana buƙatar maigida ya rubuta hujja ya kuma shirya kare ta in wanda aka tsallake ya kai ƙara. Bin jeri daga ƙasa ya fi sauƙi, ba kuma wanda zai zarge ka.

Masu cewa a sa ƙwazo a gaba ba su rasa hujja ba, ma'aikatar tsaron Amurka ma ta koma wannan tsari a 2017. Matsalata da shi ita ce, makin shekara ba ya auna abin da muke magana a kai. A ofisoshi da yawa kusan kowa maki mai kyau yake samu, sai a sake komawa kan shekaru don raba gardama. Inda kuma ake bambantawa, wanda ya rufe fayil da yawa shi ke haskawa, wanda ya tsaya ya ce rijiya ta bakwai ba za a toshe ba sai a ga kamar shi ke jan ƙafa. Da ni ke da iko, zan bar daɗewa a matsayin ma'auni, in taƙaita turewa zuwa cikin sana'a ɗaya, in kuma wajabta wa'adin miƙa aiki da za a biya wanda zai tafi ya zauna da magajinsa.

Mu ma a gida maganar ba baƙuwa ba ce. Sashe na 20 na dokar ƙwadago ta Najeriya ya ce in za a rage ma'aikata, wanda ya shigo ƙarshe shi zai fara fita, tare da la'akari da ƙwarewa da iya aiki da riƙon amana, ko da yake dokar ba ta shafi manyan jami'ai da ƙwararru ba. Aikin share guba ma mun gan shi. A 2010 gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara. Masanan CDC na cikin waɗanda suka zo bincike, kamfanin TerraGraphics kuma, wanda ya jagoranci kankare ƙasar gidaje a Dareta da Yargalma da Abare, sannan Bagega a 2013, ya samo ƙwarewarsa ne a Bunker Hill ta jihar Idaho, ɗaya daga cikin wuraren Superfund. An horar da ma'aikatan muhalli na jiha a wannan aiki. A wurinmu abin da ke kwashe irin wannan sani ba sallama ba ce galibi. Canjin wurin aiki ne, da ritaya a shekara 60 ko bayan 35 a aiki, da daɗewa ba a ɗauki sababbi ba.

Abin da ƙaninka zai yi tun yanzu

Ni ba lauya ba ne, kuma ban ga takardunsa ba. Gwamnati na iya sauya ƙa'idojin nan, don haka abin da ke rubuce a sanarwar da za a ba shi, in har an ba shi, shi ne abin riƙewa, ya kuma kai ta wurin wakilin ƙungiyar ƙwadago ko lauyan da ya san harkar ma'aikatan tarayya. Kafin nan, ya buɗe takardarsa ta SF-50, wato takardar da ke nuna matsayinsa a aikin gwamnati, ya duba gidan da aka sa shi da ranar da aka fara ƙirga masa aiki. Kuskure a wannan rana ba baƙon abu ba ne, kuma in ya taɓa yi wa wata hukumar tarayya aiki yana iya shiga lissafi. Ya tabbata makinsa na shekarun baya yana cikin fayil, ya kuma sabunta bayanin karatunsa da horon da ya yi, domin da abin da ke fayil ake yanke ko ya cancanci wata kujera. A ƙa'ida ana ba da sanarwar kwana 60, ko da yake ana iya neman izinin rage ta zuwa 30. Yana da haƙƙin ganin jerin sunayen da aka sa shi a ciki, da ɗaukaka ƙara cikin kwana 30, da shiga jerin waɗanda za a fara dubawa in hukumar ta dawo ɗaukar ma'aikata. Kada ya dogara da kuɗin sallama, albashin mako ɗaya ne a kan kowace shekara a goman farko, nasa bai wuce na mako biyu da ɗoriya ba.

Sana'arsa tana da kasuwa, ma'aikatun jihohi da kamfanonin kwangila duk suna neman wanda ya taɓa riƙe wurin Superfund. Sai dai ya kiyaye: doka ta hana tsohon ma'aikaci ya dawo yana wakiltar kamfani a gaban gwamnati a kan ainihin maganar da ya riƙe da hannunsa, don haka wuraren nan uku ya tambayi jami'in ɗa'a na hukumar kafin ya karɓi aikin da ya shafe su. Ya kuma fara rubuta wa kowane wuri bayanin miƙa aiki tun yau, ba irin na cike fom ba: wace rijiya ke yaudara da wane lokaci, wane alkawari aka yi wa mutanen unguwa da baki, wane sashe na rahoton kamfani ne ya kamata a karanta da kyau.

Ka kuma tambaye shi wata nawa ya rage ya cika shekara uku. Matsayin mutum a ranar da sallamar za ta fara aiki ake dubawa, ba ranar da aka fara raɗe-raɗi ba. In ya tsallaka kafin wannan rana, ya koma gida na ɗaya, duk 'yan gida na biyu da na uku masu irin aikinsa sun dawo ƙasa da shi.